Fitilar LED A Motocin Lantarki: Lissafin Makamashi Da Kariyar Rayuka

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, masu harkar sufuri a ƙasar nan suka shiga neman hanyoyin rage abin da suke kashewa wajen tafiyar da ababen hawansu. Wasu sun karkata ga iskar gas, wasu kuma sun fara duba motoci da babura da kekuna masu ƙafa uku waɗanda ke aiki da batir. Ɗan kasuwar da ya je cinikin irin waɗannan ababen hawa yakan tambayi girman batirin, da nisan da zai kai kafin ya ƙare, da awoyin da yake ɗauka wajen caji. Da wuya a ji wanda ya tsaya ya tambayi irin fitilun da aka ɗaura musu. Alhali kuwa daga batirin nan guda fitilar ke shan wuta, kuma idan dare ya yi, rayuwar direba da fasinjoji da masu tafiya a ƙasa ta dogara ne a kanta.

Batun ya wuce na 'yan tsirarun masu sha'awar sabon abu. Alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya sun nuna cewa an sayar da motocin lantarki kusan miliyan 14 a duniya cikin shekarar 2023, sa'an nan adadin ya haura miliyan 17 a 2024, wato fiye da mota ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar, kuma mafi yawansu a ƙasar Sin. A nahiyar Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu amfani da fetur ko dizal a farkon 2024. A Nijeriya kuwa, kamfanin Stallion ya fito da motar Hyundai Kona ta lantarki da aka harhaɗa a Legas a ƙarshen 2020, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021, sa'an nan a Maiduguri kamfanin Phoenix Renewables ya yi suna wajen mai da ƙananan bas-bas masu fetur zuwa na lantarki. Kusan duk sabbin motocin lantarki da ke fitowa daga masana'antun duniya da fitilun LED suke zuwa, don haka ya kamata mai saye da mai sayarwa su san abin da ke cikin wannan fitila.

Yadda Fitilar Take

Ƙwan fitilar da direbobi suka saba da shi, wato na halojin, yana ɗauke da siririn zaren ƙarfe wanda wutar lantarki ke gasawa har ya yi fari ya ba da haske. Matsalarsa ita ce mafi yawan wutar da yake sha zafi take zama, kaɗan ne ke komawa haske. Ita kuwa LED ba ta da zare. 'Yar ƙaramar ƙwayar sinadari ce wadda ke fitar da haske kai tsaye idan wuta ta ratsa ta, saboda haka abin da take ɓarnatarwa bai kai na halojin ba ko kusa.

Wani injiniyan kamfanin General Electric a Amurka, Nick Holonyak, shi ne ya ƙera LED mai jan haske a 1962, amma sai da aka shafe shekara talatin ana amfani da ita a ƙananan ayyuka kawai, kamar 'yar fitilar da ke nuna rediyo na kunne. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne samun LED mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, ta hannun masanan Japan uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda aka ba lambar yabo ta Nobel a 2014 saboda wannan aiki. Idan aka lulluɓe shuɗiyar LED da wani sinadari mai ruwan ɗorawa sai haskenta ya fito fari, kuma ta haka ne aka sami fitilar da za ta iya haska hanya.

A motoci, an fara amfani da LED ne a fitilar burki ta uku, wadda ake ɗorawa a saman gilashin baya, tun cikin shekarun 1980. Kamfanin Audi na Jamus ya sa ta a matsayin fitilar tafiyar rana a motarsa A8 a 2004. A 2007 motar Lexus LS 600h ta Japan ta zama ta farko da ta fito da fitilar gaba ta LED, wadda kamfanin Koito ya ƙera. Da kamfanin Nissan ya fito da motar lantarkinsa Leaf a ƙarshen 2010, batirinta mai kilowat-awa 24 ne kacal, don haka ya zaɓi LED a fitilar gaba domin kada a yi asarar wutar da ba ta da yawa.

Lissafin Wutar Da Ake Tsimi

A motar fetur, injin ne ke juya na'urar da ke samar da wutar fitilu, saboda haka direba ba ya ganin kuɗin hasken a fili, ko da yake yana biyansa a gidan mai. A motar lantarki kuwa, babban batirin da ke juya ƙafafu shi ne ke ciyar da ƙaramin batir mai bolt 12 wanda fitilu ke sha daga gare shi. Duk wat ɗin da fitila ta ci, an rage shi ne daga na tafiya.

Ƙwan halojin na gaba yakan sha wat 55, biyu sun zama 110. Idan aka haɗa da jajayen fitilun baya, da ƙananan fitilun gefen gaba, da masu haska lambar mota, kowanne wat 5, jimlar takan kai kimanin wat 140. Motar da dukkan waɗannan fitilu nata na LED ne takan tsaya a wajen wat 50. Bambancin ya kama kimanin wat 90. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin wat-awa 150 zuwa 200 a kowace kilomita, wanda ke nufin awa guda na tafiyar dare da LED yana ƙara wa mota kusan rabin kilomita. Wanda ya taso daga Abuja zuwa Kaduna cikin dare, tafiyar kilomita 190 ko makamancin haka, abin da zai tsira da shi bai wuce kilomita ɗaya da rabi ba. Na'urar sanyaya mota ita kaɗai tana iya shan wat 1,000 zuwa 2,000. Saboda haka dillalin da ya ce wa mai saye fitilar LED za ta ƙara wa motarsa nisan a zo a gani a kan babbar hanya, ya yi zuƙu a maganarsa.

Sai dai lissafin yakan sauya idan aka shigo cikin gari. Motar da ta maƙale a cunkoson Legas, ta yi kilomita 10 kacal cikin awa guda, ta ci kimanin wat-awa 1,500 wajen tafiya, amma fitilunta ba su huta ba ko na minti ɗaya. A nan wat 140 na halojin ya kai kusan kashi 9 cikin ɗari na wutar tafiyar, na LED kuwa kashi 3 ne da 'yan kai. Fitila da lokaci take cin wuta, ba ruwanta da nisan da aka yi, shi ya sa motocin haya na cikin gari suka fi kowa cin moriyar wannan sauyi.

A misalta kamfani mai tasi 50, kowace na aikin awa 6 da fitila a kunne, dare 300 a shekara. Wat 90 sau awa 6 ya ba da wat-awa 540 a dare guda, wato kilowat-awa 162 a shekara ga kowace mota, ko kuma 8,100 ga motocin baki ɗaya. A kan farashin Naira 225 na kowace kilowat-awa da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta sanya wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, wannan ya haura Naira miliyan 1 da dubu 800. Wanda kuma da janareta yake caji, kuɗin da zai tsira da su sun fi haka.

Ga babur da keke mai ƙafa uku ribar ta fi fitowa fili, domin batirinsu ƙarami ne. Fitilar gaban babur ta halojin takan sha wat 35, ta baya wat 5, yayin da LED za ta yi aikin duka biyun da wat 15 ko ƙasa da haka. Wat 25 da aka tsimi cikin awa 5 na aikin dare ya zama wat-awa 125. Babur ɗin lantarki na cin wajen wat-awa 40 a kilomita, don haka ɗan acaɓa ya sami ƙarin kilomita uku a kowane dare, wato kuɗin fasinja guda. Da haka da haka, in ji masu iya magana, ɗigon ruwa ke cika tulu.

Akwai kuma batun daɗewa. Ƙwan halojin yakan yi awa 500 zuwa 1,000 kafin zarensa ya tsinke, kuma girgizar hanya mai ramuka tana gaggauta mutuwarsa. Tasin da ke kunna fitila awa 1,800 a shekara za ta canza kowane ƙwai sau biyu ko uku. LED mai inganci tana wuce awa 10,000, kuma tun da ba ta da zare, gargadar hanya ba ta cika yi mata illa ba. Wannan ya shafi lafiyar jama'a kai tsaye, domin duk mai tafiyar dare a ƙasar nan ya san haɗarin mota mai ido ɗaya, wadda mai tahowa ke ɗauka babur ce har sai sun yi gab da juna.

Inda Rai Ya Shigo

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya a kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, da kimanin mutum 19 cikin kowane 100,000. A Amurka, inda ake tattara alƙaluma dalla-dalla, kusan rabin mace-macen hanya da dare suke aukuwa, ko da yake tafiyar dare ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na zirga-zirga ba, sa'an nan kimanin uku cikin huɗu na masu tafiya a ƙasa da mota ke kashewa cikin duhu abin ke samun su.

Amfanin LED na farko a nan yana ga fitilar burki. Ƙwai mai zare yana bukatar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya yi zafi ya kai cikakken haskensa, ita kuwa LED nan take take kamawa. Wannan ɗan lokaci kamar ba komai ba ne, amma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ke biye ya sami ƙarin mita biyar da rabi ke nan domin taka nasa burkin, tsawon da ya ɗara na mota guda. Sau da yawa tazarar da ke tsakanin tsayawa lafiya da afka wa bayan mota ba ta kai haka ba.

Na biyu, motar lantarki tana da wata ɗabi'a da ta fetur ba ta da ita. Idan direba ya ɗage ƙafarsa daga totur, injin lantarkin yakan juye ya zama mai samar da wuta, ya riƙa rage gudun motar yana mai da wutar cikin batir. A wasu motocin wannan ragin yana da ƙarfin da direba zai iya tuƙi a cikin gari ba tare da yawan taɓa burki ba. Wanda ke biye kuwa ba shi da hanyar sanin motar na rage gudu sai ta fitila. Shi ya sa ƙa'idojin motoci na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda Turai da Japan ke bi, suka wajabta fitilar burki ta kama da kanta idan irin wannan ragin gudu ya kai wani mizani. Fitilar da za ta riƙa kamawa da mutuwa sau ɗaruruwa a yini tana bukatar juriya da saurin amsawa, kuma LED ce ta fi dacewa da wannan aiki.

Na uku shi ne shirun motar. A ƙaramin gudu kusan ba a jin ƙarar motar lantarki, abin da ya sa Tarayyar Turai ta wajabta sanya na'urar da ke fitar da sauti a sabbin samfurori tun daga watan Yulin 2019, sa'an nan a dukkan sabbin motocin lantarki daga Yulin 2021. A kasuwa irin ta Oshodi ko Anaca, inda hayaniya ke danne irin wannan sauti, ido ne kawai zai gargaɗi mai tsallaka titi. Fitilar tafiyar rana, wadda Tarayyar Turai ta wajabta wa sabbin samfurorin ƙananan motoci tun Fabrairun 2011, tana sa a hango mota daga nesa ko da rana tsaka, musamman a lokacin hazon hunturu ko ruwan sama. Barin fitilar halojin a kunne yini guda zai ci batir ya kuma kashe ƙwai da wuri, amma LED na yin wannan aiki da wat ƙalilan.

Na huɗu, da yake ƙwayoyin LED ƙanana ne, ana iya jera da yawa a fitila guda a riƙa kunna kowace daban. A 2013 kamfanin Audi ya fito da irin wannan fitila, inda kyamara ke hango motar da ke tahowa, kwamfuta ta kashe ƙwayoyin da ke haska idon direbanta, sauran su ci gaba da haska gefen hanya da cikakken ƙarfi. Amurka ba ta halatta wannan fasaha ba sai a watan Fabrairun 2022. Tsohuwar rigimar direbobin dare ta ƙin sauke cikakken haske ga mai tahowa, wannan na'ura tana warware ta ba tare da jiran halin kirki daga kowa ba.

Araha Ba Ta Ado

Duk da haka, sunan LED shi kaɗai ba ya tabbatar da inganci. Cibiyar binciken lafiyar hanya ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, wadda ta fara auna fitilun motoci a 2016, ta gano a 2021 cewa motocin da fitilunsu suka sami kyakkyawan maki sun fi masu mummunan maki ƙarancin haɗarin dare na mota guda da kashi 19 cikin ɗari. Abin lura shi ne makin ya dogara ne a kan nisan da hasken ya kai da kuma yadda yake kauce wa idon mai tahowa, kuma akwai fitilun LED da suka faɗi wannan gwaji.

Babbar matsalar da ta fi shafar kasuwanninmu ita ce ta ƙwan LED da ake sayarwa domin a cusa a mazaunin halojin. Madubin da ke cikin fitila an tsara shi ne daidai da wurin da zaren halojin ke zama. Idan aka sa ƙwan da ke fitar da haske daga wani wuri daban, hasken yakan watse sama da gefe, ya kashe idon mai tahowa, shi kuma mai motar bai ƙaru da ganin nesa ba. A Birtaniya, tun daga watan Janairun 2021, motar da aka yi wa irin wannan sauyi tana faɗuwa gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Jamus kuwa ta halatta wasu ƙwayayen ne kawai tun daga 2020, kuma ga samfurorin motocin da aka gwada su a kai.

Sai batun zafi. Ko da yake hasken LED ba ya ƙona hannu, gindin ƙwayar yana ɗaukar zafi, kuma idan ba a fitar da shi ba haske yakan dushe, ƙwayar ta mutu tun kafin lokacinta. Shi ya sa fitila mai kyau take da ƙarfen alminiyam mai shanye zafi, wani lokaci har da 'yar fanka. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura maki 40 a garuruwa da dama, ga kuma ƙura mai toshe fanka, jabun ƙwai mai siririn ƙarfe ba zai kai labari ba.

Wajibi ne kuma mai saye ya san tsadar gyara. A yawancin sabbin motoci fitilar LED a rufe take zuwa, ba a cire ƙwai a sa wani. Idan dutse ya fasa ta ko aka goge ta a cunkoso, dukkan fitilar ake canzawa, kuma kuɗinta ya ninka na ƙwan halojin sau da yawa, ga shi da kuɗin waje ake shigo da ita. Mai motocin haya da ya san abin da yake yi zai tambayi farashin fitila guda da kuma inda ake samunta kafin ya biya kuɗin mota, ya kuma duba ko inshorarsa ta haɗa da ita.

Abin Da Ya Rage Ga 'Yan Kasuwa Da Hukumomi

'Yan kasuwar kayan gyaran motoci na Ladipo a Legas, da Nkwo a Nnewi, da Apo a Abuja, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, suna gaban wani sauyi irin wanda masu sayar da fitilar ƙwai da kananzir suka gani lokacin da tocila mai caji ta shigo gari. Cinikin ƙwan da ke mutuwa duk bayan 'yan watanni zai riƙa raguwa, na cikakkiyar fitila da na'urorin da ke sarrafa wutarta zai riƙa ƙaruwa. Wanda ya riga ya ƙulla hulɗa da masana'antu masu shaidar inganci, ya kuma ba da garanti a kan kayansa, shi kamfanonin sufuri za su nema. Haka nan masu gyaran wayar mota suna bukatar horo, domin fitilar zamani tana magana ne da kwamfutar mota, kuma tsohuwar dabarar yanke waya a ɗaura wata tana iya jawo asarar da ta fi kuɗin fitilar, balle a motar da babban batirinta ke ɗauke da bolt 400.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, tare da jami'an kwastan, su ne ke da alhakin tare jabun kaya tun daga tashoshin jiragen ruwa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi, suna da rawar takawa wajen tabbatar da cewa ana daidaita fitilun gaba yadda ba za su kashe ido ba, aikin da ba ya bukatar fiye da bango da ma'auni da 'yan mintoci. Gwamnatocin jihohin da ke sayen bas-bas da kekunan lantarki domin jama'a su ma ya kamata su rubuta ingancin fitila cikin sharuɗɗan kwangila, kamar yadda suke rubuta girman batir. Kuɗin wutar da LED ke tsimi ana iya ƙirga shi a ƙarshen shekara, amma mita biyar da rabi na tazarar burki a kan hanyar Legas zuwa Ibadan cikin dare, iyalin da suka isa gida lafiya ne kaɗai za su san darajarsa.